Shin Jirgin Soja Zai Iya Ratsa Sararin Wata Ƙasa Ba Izini?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ne ya aiko da wannan tambaya, yana son sanin ko jirgin saman soja na iya bi ta samaniyar wata ƙasa haka kawai.

To malam, amsar ita ce a'a. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko a kan sararin samaniyarta. Sashe na 3 kuma ya ce jirgin gwamnati, wato na soja, kwastan ko 'yan sanda, ba zai ratsa ko ya sauka a wata ƙasa ba sai da izininta.

Ga yadda ake yi: ofishin jakadancin ƙasar da ke da jirgin kan rubuta wa ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da za a ratsa, ya bayyana irin jirgin, lambarsa, ranar tafiya, inda zai shiga da inda zai fita, mutanen da ke ciki, da ko yana ɗauke da makamai. In an amince, sai a ba da lambar izini, matuƙi ya sa ta cikin takardar tsarin tafiyarsa. Wanda ya kutsa babu ita, ana iya tura jiragen yaƙi su tare shi, su tilasta masa sauka.

Ko ƙawa ma tana iya hanawa. A watan Afrilun 1986, da Amurka za ta kai wa Libiya hari, Faransa da Sifaniya sun ƙi ba da hanya. Dole jiragen F-111 da suka tashi daga Ingila suka zagaya ta mashigin Jibralta, ana zuba musu mai a sama.

Da fatan ka gamsu.