DARASIN WANNAN WATA: HANNUN DA YA IYA RUBUTU ZAI IYA ZANE

Mutane da yawa suna gama ajin yaƙi da jahilci, sai su ajiye fensir. Bayan damina ɗaya ko biyu, hannu ya yi nauyi, rubutu ya gudu. Wata hanyar tsare hannu ita ce yin zane kullum. Manomi ko matar aure a Dutsen Abba za su iya wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Zane Ba Baƙo Ba Ne

Ƙasar Zazzau ta daɗe da sanin zane. Magina suna yi wa bangon gida ado. Masu ɗinki suna zana aska takwas a jikin riga kafin su sa allura. Malamai suna yi wa allo zayyana idan yaro zai yi sauka.

A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin Zariya suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba. Za su ɗauki dabarar zamani su haɗa da abin da suka gada a gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Daga baya sunansu ya kai ƙasashen duniya. Kwalejin kuwa ita ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Kayan Aiki

Mai koyo yana bukatar littafin rubutu ɗaya da fensir. In babu fensir, gawayi ya isa. Tsinken da aka tauna bakinsa kamar asuwaki zai zama buroshi.

Fentin ruwa da ake sayarwa a kanti garin launi ne da aka kwaɓa da ƙaro. Ƙaron nan shi ne malamai suke sawa a tawada. Saboda haka ana iya haɗa fenti a gida. A daka jar ƙasa ko gawayi ya yi laushi, a tankaɗe. A jiƙa ƙaro a ruwa ya narke, a tace. Sai a kwaɓa su a murfin kwalba. Ƙaro shi ke riƙe launi a jikin takarda.

Yadda Ake Farawa

Kowane abu yana da siffa mai kama da baƙi ko lamba. Bakin ƙwarya kamar O yake. Tsani kamar H yake. Fartanya kamar 7 take. Rumbu kuwa U ne da aka ɗora masa A a ka. Wanda ya iya rubuta waɗannan ya riga ya fara zane.

A zauna a gaban abin da za a zana. A dube shi sosai kafin a taɓa takarda. A fara da babbar siffa, kada a danna fensir. Ƙananan abubuwa su zo daga baya. Wanda ba ya son zana mai rai yana da gida da bishiya da dutse da kayan noma.

Sa Launi

A nemi takarda mai kauri, domin maras kauri tana kumbura in ta sha ruwa. A fara da launi mai haske, wato mai ruwa da yawa. A jira ya bushe, sannan a ɗora mai duhu. In an yi gaggawa, launuka za su cakuɗe su zama laka. Wurin da ake son fari, a bar takarda yadda take. Rawaya da shuɗi suna ba da kore. Ja da rawaya suna ba da ruwan goro.

Riƙo da Aikin

A ware minti 15 kullum, ko bayan la'asar. Kada a yage shafin da bai yi kyau ba. A ƙasan kowane zane a rubuta sunan abin da kwanan wata. Ta haka rubutu da zane suna tafiya tare. Bayan wata 3 a kwatanta shafin farko da na ƙarshe, za a ga bambanci.

Wanda hannunsa ya faɗa zai iya rubuta allon shago, ko zana wa masu ɗinkin hula, ya sami na cefane. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin ƙaro a cikin fenti?
2. Me ya sa ake fara sa launi mai haske?
3. A wace shekara ɗaliban Zariya suka kafa ƙungiyarsu?

Aikin Gida

Kowane ɗalibi ya zana abu uku daga cikin gidansa, ya rubuta sunayensu, ya kai wa malamin aji.