Fenti ma kaya ne: ka auna jirginka kafin ka shafa

Galibin masu kawo mini ƙananan jiragen nan da ake tuƙawa da waya kukansu ɗaya ne: jirgi ya ƙi shan kwana, kuma da an zo kusurwar ƙasa sai ya nemi dukan fili. Inji suke zargi. Ni kuwa sikeli nake fara ɗaukowa, domin sau da yawa ciwon yana cikin fenti.

A wannan wasa matuƙi na tsaye a tsakiyar fili, wayoyi biyu sun haɗa hannunsa da jirgin, kuma a gasar F2B ta duniya tsawonsu ba ya wuce mita 21.5. Jirgin zai rubuta da'ira da murabba'i a sama, ya dawo ya miƙe a tsayin mita 1.5 kacal daga ƙasa. A irin wannan kwana mai kaifi, kowane giram sai fiffike ya ji shi ninki-ninki.

Don haka tun kafin a yanka katakon balsa ake yanke nauyi. Jirgin Nobler, wanda George Aldrich ya tsara a Amurka a farkon shekarun 1950, da injin Fox .35, yana jin daɗin tashi a wajen oza 40, wato giram 1,100 da ɗoriya. Manyan jiragen yau masu fiffike mai faɗin inci murabba'i 650 zuwa 700 sukan tsaya tsakanin oza 55 da 65. Ka rubuta adadin da kake nufi, ka cire nauyin inji da tanki da tayoyi da ƙashin jirgin. Abin da ya rage shi ne rabon fenti, kuma ba a ƙetare shi.

A nan ne mutane ke zamewa. A gasar Amurka alƙalai kan ba da har maki 20 don kyan jirgi, alhali F2B ba ta ba da ko ɗaya. Kwaɗayin makin nan kan sa mutum ya yi ta shafa, shafi bisa shafi, sai jirgin da aka gina da sauƙi ya koma jibgege. Sheƙi daga sanfefa yake fitowa. Ka shafa siriri, ka bari ya bushe sosai, ka goge mafi yawansa, ka auna, ka rubuta. Farin fenti ya fi sauran nauyi, rawaya kuma ba ya rufewa da wuri, sai an maimaita. Idan fentin dof za ka yi amfani da shi, nau'in naitiret ne ke zama a ƙasa, butiret mai jure man inji a sama. In ka juya su, fentin zai lalace.

Wutsiya ce ta fi ba ni tsoro. Tana da nisa da tsakiyar nauyi fiye da hanci, saboda haka giram ɗaya da ka ƙara mata sai ka biya shi da biyu ko uku na dalma a gaba. Ka yi mata rowar fenti. Dalmar da ake sawa a bakin fiffiken waje kuwa kada ka taɓa ta da sunan rage nauyi, ita ke daidaita nauyin wayoyi.

Ga mai koyo, shawarata ita ce ya rufe fiffike da ledar da ake mannawa da zafi, irin su MonoKote, ya shafa fenti a gangar jiki kawai. Nauyinta sananne ne tun kafin a manna, kuma idan jirgi ya faɗi, faci ba ya cin lokaci.