Mura Ba Wasa Ba Ce Ga Mai Ciwon Ƙirji

Hunturu ya kama, ƙura ta tashi, ga 'yan'uwanmu masu harkar citta suna wuni a sito suna shaƙar gari. Darasinmu na yau kan mura mai zazzaɓi ne, wato infuluwenza.

Mai lafiya yakan warke cikin mako guda. Amma ga mai asma, ko wanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu, ko gyatumar da ta daɗe tana shaƙar hayaƙin itace, tana iya rikiɗewa ta zama nimoniya.

Akwai allurar rigakafinta. Duk shekara ake yi, domin ƙwayar cutar tana sauya kama, kuma sai bayan mako biyu take fara kāre jiki. Ba ta cikin rigakafin yara na kyauta, saboda haka a tambayi likita a babban asibitin Kafanchan inda za a same ta.

Don Allah a daina sayen kafso a kemis, ba ya kashe ƙwayar mura. In numfashi ya fara sama-sama, a garzaya asibiti. Mai tari kuma ya rufe bakinsa a sahu.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.