Wakilin Tallan Magani a Akra: Wa Ke Biyan Bashin?

Akwai wata magana da ke yawo a majalisun samari a Nima da Maamobi, wai babu aikin da ya kai na wakilin kamfanin magani daɗi: a ba mutum mota cike da kwalaye, ya zaga ya sauke, ƙarshen wata ya karɓi kamasho, in an yi asara kuma ta kamfani ce. Farkon maganar yana da ƙamshin gaskiya. Ƙarshenta kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma ita ce ke raba mutane da babur, da filin gado, wani lokaci har da zumunci, domin wanda ya tsaya wa yaro a wurin kamfani galibi kawunsa ne ko yayansa.

Wanda ke son ganin yadda aikin yake, ya shiga Okaishie, layin dillalan magani da ke maƙwabtaka da Kasuwar Makola, da misalin hantsi. Motocin kamfanoni a jere, kayayo masu dako na ratsa cunkoso da kwalayen farasitamol a ka, wakilai kuma a tsaye bakin kanta da littafin rasit a hammata. Da yawansu ba ciniki suka zo yi ba. Bin kuɗin kayan da suka sauke tun watan jiya ne ya kawo su, mai shago kuma yana cewa a dawo Juma'a, kasuwa ba ta motsa ba.

Wakilai iri biyu ne. Akwai wanda ke zagaya asibitocin Korle Bu da Ridge da Maamobi yana yi wa likitoci bayanin sabon magani. Wannan yawanci mai ilimin haɗa magunguna ne ko na kimiyya, kuma ba ya cika taɓa kuɗi. Akwai kuma mai sayarwa, wanda ake ɗauka na wata shida ko shekara, a yanka masa adadin cinikin da zai kawo kowane wata. Yaran zango na samun wannan na biyun, domin suna jin Hausa da Twi da Turanci, wasu har da Ga, kuma sun san kowane lungu daga Sabon Zango zuwa Madina. A irin wannan kwantiragi, kamasho yakan hau kan kuɗin da aka karɓo, ba kan kayan da aka sauke ba. A ɗauka misali an yi da yaro a kan kashi 3 cikin 100, ya sauke kayan sidi 50,000, aka biya 20,000. Nasa sidi 600 ne. Sauran 30,000 ɗin suna rubuce a littafin kamfani a gaban sunansa, kuma shi za a tambaya.

Dalilin da bashi ya yi wa harkar katutu ba ɓoyayye ba ne. Asibitoci da shagunan da ke karɓar katin inshorar lafiya sukan jira watanni kafin a biya su, su ma sai su riƙe na dillali. Akasarin maganin Ghana kuma daga waje ake shigo da shi, da dala. A 2022, shekarar da sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta wuce kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, ƙungiyoyin masu haɗa magani da masu shigo da shi sun sanar cewa daga lokacin sai kuɗi hannu.

To, ga inda haƙuri ke ƙarewa. Bashin da aka bayar da takardar kamfani, mai shago ya sa hannu ya buga hatimi, manaja ya amince da iyakarsa, wannan bashi ne tsakanin kamfani da shago. Kayan da wakili ya bari saboda an ce masa "haba ɗana, ni da babanka tare muka taso", babu sa hannu, babu hatimi, ko kuma ya rubuta su da sunan wani shago don ya cika adadin wata, wannan kuma a idon kamfani kaya ne da suka ɓace a hannunsa. Ranar da masu binciken lissafi suka zo, ba za a ce Alhaji bai biya ba. Za a ce wakili ya ci kuɗi, kuma maganar na iya ƙarewa a ofishin 'yan sanda.

Abin takaici, samarin zango sun san haka. Kunya ce ke kashe su. Yaro yana ganin miƙa wa dattijo biro rashin tarbiyya ne, dattijon ma in an miƙa masa sai ya ɓata rai, wai an ɗauke shi maras amana. Al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, bai kamata ta mai da rubutu zagi ba. Dattijon da zai ji haushin sa hannu a kan kayan da ya ƙirga da kansa, tun farko bai cancanci a bar masa ko kwali ɗaya ba. Kuma mutuwa ba ta sallama: mai shago ya rasu, magada su ce ba su ga takarda ba, shi ke nan.

Haka batun MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Kuɗin kamfani ba ya shiga lambar wakili, ko da na awa ɗaya ne. Da zarar ya shiga, sai ga kuɗin mai, ga gudummawar suna, ga na makarantar ƙani, a ce gobe a cike. Daga nan ake fara rufe bashin wannan shago da kuɗin wancan, har lissafi ya kuɓuce.

Wanda rami ya riga ya buɗe masa, shi ne masu "kayan gefe" ke nema. Za a ce ya ɗora kwali biyu a kan na kamfani, ai yana da kati, ba mai tare shi. Katin kamfani ba lasisi ba ne. Ƙaramin kemis da ke da izinin Majalisar Kula da Harkar Magunguna bai wuce magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba. Tun 2018 Ghana ta haramta maganin tari mai kodin ta kuma ƙuntata taramol, wanda hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da mai ƙarfin 50 da 100 kawai. Masu 225 da 250 da ke yawo a unguwanni haramtattu ne. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta tanadi tara mai nauyi ko ɗaurin shekara 15 zuwa sama ga mai sayar da maganin da ba shi da rajista. A binciken da BBC ta yi kan kodin a Najeriya a 2018, fuskar ma'aikacin talla ce ta fito a kyamara, kuma shi aka fara kora.

Kamfanonin ma suna da laifinsu. Wanda ke yanka wa yaro adadin da ya san ba ya cikuwa sai da bashi, sannan ya ɗora masa bashin, ya san abin da yake yi. Wasu suna sabunta "gwaji" wata uku-uku har shekara biyu. Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ce aikin wata shida ko fiye dole a rubuta shi, kuma ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere wurin mutum ɗaya ana ɗaukarsa na dindindin. Ma'aikaci yana da haƙƙin fansho: kashi 13 daga kamfani, 5.5 daga albashinsa. Shi ya sa wasu ke rubuta "dillali mai zaman kansa" a takarda alhali suna ba da umarni kamar ga ma'aikaci. Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa tana sauraron irin wannan ƙara.

Kafin sa hannu, mai neman aikin ya kai takardar gida ya kwana da ita, shi da wanda zai tsaya masa. Su nemi amsa a rubuce: wa ke amincewa da bashi, kwana nawa ne wa'adinsa, wa ke ɗaukar asarar kayan da wa'adinsu ya ƙare ko zafin but ɗin mota ya lalata, kuma nawa ne iyakar abin da za a bi mai lamuni. Lamunin da ba shi da iyaka a rubuce, kada kowa ya sa masa hannu.

Wanda kuma ya riga ya shiga, ya ɗauki littafinsa ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya a wannan makon, kowa ya sa hannu a kan abin da ake binsa, da kwanan wata. Ya ɗauki hoton kowace takarda, ya kai lissafin wurin manaja da ƙafarsa kafin a aiko kiransa, ya nemi a rubuta yadda za a riƙa biya.