Ƙiftawar tauraro daban, kumburinsa daban

Wani malamin kimiyya daga Makarfi ya aiko da tambaya. Ɗalibansa sun ji cewa akwai taurarin da ke kumbura su sace, sai suka ɗauka ƙiftawar da suke gani kowane dare ita ce wannan. Ta yaya zai fahimtar da su?

Malam, ƙiftawa aikin iskar da ke samanmu ce. Haske na ratsa iska mai zafi da mai sanyi, sai ya riƙa karkacewa. Ka kai su kusa da inda ake dafa mazarƙwaila da dare, su dubi tauraro ta cikin hucin wutar, za su ga rawar ta ƙaru. Zara kuwa, da yake duniya ce kusa da mu, da ƙyar take ƙiftawa.

Kumburin gaske daga cikin tauraron yake tasowa. Wani sashe na iskarsa yana tare zafi, zafin ya tura shi waje, ya huce ya komo. A taurari masu ƙarfin maganaɗisu abin ya fi ban sha'awa. A 1978, masanin taurari Donald Kurtz, a Afirka ta Kudu, ya gano tauraron Przybylski yana wannan motsi duk bayan minti 12. Maganaɗisun irin waɗannan taurari ya ninka na duniyarmu sau dubbai, kuma shi ke juya akalar motsin, yadda mai kalangu ke matse tsarkiya amon ya canza. Daga wannan motsi masana ke gane girman tauraro da abin da ke cikinsa. Sai dai canjin hasken bai kai kashi 1 cikin 100 ba a yawancinsu, ido ba zai kama shi ba. Kada ka yi wa yara alkawarin za su gani.

Wanda za su gani da idonsu shi ne Delta Cephei, wanda John Goodricke ya gano canjinsa a 1784. Yana haske ya dusashe cikin kwana 5 da awa 9, kuma bambancin ya kai ninki biyu. Ka sauke manhajar Stellarium a waya ka nemo shi, yana arewa bayan sallar isha'i. Oktoba da Nuwamba sun fi, damina ta ɗauke, hazo bai yi kauri ba. A nan ƙauyukan Ikara da Kudan sun fi Zariya sa'a, domin duhunsu ya fi.

Kowane dare ɗalibi ya kwatanta shi da maƙwabtansa biyu, Zeta mai haske da Epsilon mai rauni, ya rubuta wanda ya fi kama da shi, da kwanan wata da lokaci. A kashe tocila a jira minti 15 ido ya saba. Bayan mako uku ku zana sakamakon a allo, su lissafa tsawon zagayen da kansu.