BAƘIN DA KE ƘWANƘWASA ƘOFAR ZUCIYA: DARASI A KAN BIMBINI DA TUNANI



Babu wani a cikinmu da bai san wannan hali ba. Mutum ya durƙusa domin addu'a, ya yi alamar gicciye, amma kafin ya kai ƙarshen Addu'ar Ubangiji zuciyarsa ta riga ta je kasuwa, ta leƙa gona, ta ƙirga kuɗin makarantar yara, ta kuma tono wata baƙar magana da maƙwabci ya faɗa tun bara. Wani lokaci abin da ke faɗowa a rai ya fi wannan muni: tunanin ƙazanta, ko na ramuwa, ko na saɓo, daidai sa'ad da Fada yake ɗaga Jikin Kristi a Misa. Saboda wannan, akwai masu bi da suka daina zuwa karɓar Jikin Ubangiji, suna cewa a ransu, "Da ni mutumin kirki ne, da irin wannan bai zo mini ba." Waɗansu suna zaton sammu aka yi musu. Waɗansu kuwa sun bar addu'ar kaɗaici ɗungum, gama suna ganin ba su iya ba.

A wannan darasi za mu duba tambayoyi uku. Daga ina tunani yake fitowa? Yaushe yake zama zunubi? In kuwa tunanina ba shi ne ni ba, to, wane ne ni?

1. MALAMAN HAMADAR MASAR

Ekklesiya ta daɗe da sanin wannan damuwa. A ƙarni na 4 maza da mata da yawa suka fita zuwa hamadar Masar domin su keɓe kansu ga addu'a, suna bin sawun Waliyyi Antoni, wanda ya rasu a shekara ta 356. Sun bar surutun gari, sai suka tarar surutun zuciya ya bi su har can.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Ebagiriyus, wanda aka haifa a shekara ta 345 a yankin Fontus, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Dikon ne mai ilimi da iya magana a birnin Kustantiniya, har zuciyarsa ta kamu da son matar wani babban mutum. Ya gudu zuwa Urushalima, daga can ya wuce Masar wajen shekara ta 383, ya zauna a Nitiriya, sa'an nan a Keliya, inda ya rasu a 399. Mutum ne da ya san ƙarfin tunani a jikinsa. Ya lura da saƙe-saƙen zuciya kamar yadda makiyayi ke lura da garkensa, ya kasa su gida takwas: zarin ci, muguwar sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasalar ruhu, son yabo, da girman kai. Daga wannan jeri ne Paparoma Girigori Babba, wanda ya shugabanci Ekklesiya daga 590 zuwa 604, ya tsara manyan zunubai bakwai da muke koya a katikisim.

Ya kamata mu sani cewa Ekklesiya ta ƙi waɗansu ra'ayoyin Ebagiriyus game da asalin rayuka a shekara ta 553. Amma koyarwarsa a kan tsaron zuciya ta tsaya, ga kuma ainihinta: zuwan tunani ba a hannunmu yake ba, amma ba shi masauki a hannunmu yake.

2. DUTSEN NIƘA

Wanda ya kai wannan koyarwa ƙasashen Yamma shi ne Yohanna Kasiyan. Ya yi shekaru yana zagaya hamadar Masar tare da abokinsa Jamanus suna yi wa dattawa tambayoyi, daga baya ya kafa gidajen zuhudu a Marsel, cikin Faransa ta yau, wajen shekara ta 415. Ya rubuta tattaunawa 24 da suka yi da dattawan, Waliyyi Benedik kuma ya umarci almajiransa su riƙa karanta su.

A tattaunawa ta farko, wani dattijo mai suna Musa ya kwatanta hankalin mutum da dutsen niƙa wanda ruwan kogi ke juyawa. Muddin ruwa yana gudu, dutsen ba zai tsaya ba. Abin da ke hannun mai niƙa shi ne hatsin da zai zuba: alkama, ko sha'ir, ko tsabar ciyawa. Mu ma mun san haka a wurin injin niƙa: wanda ya zuba dawa mai tsakuwa, kada ya yi mamakin tuwonsa. Abin da muka wuni muna ji, muna kallo a waya, muna taɗi a kansa, shi ne hankali zai niƙa mana sa'ad da muka durƙusa.

Dattijon ya ƙara da cewa tunani yana da mafari uku: daga Allah, daga Shaiɗan, ko daga mu kanmu. Don haka ya ce mu zama kamar ɗan canji, wanda ba ya karɓar kuɗi sai ya duba ko na gaske ne ko jabu.

Binciken zamani bai saɓa wa dattawan nan ba. A shekara ta 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard a Amurka suka bincika mutum 2,250, suka tarar hankalinsu yana barin abin da suke yi kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin da aka tambaye su. Tun a 1987 kuma Daniel Wegner ya nuna cewa mutanen da aka hana su tuna wani abu sun fi yawan tuna shi daga baya. Ashe yawon hankali halin ɗan Adam ne, danne tunani da ƙarfi kuma ƙara masa ƙarfi yake yi.

3. YAUSHE TUNANI KE ZAMA ZUNUBI?

Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya koyar cewa zunubi yana bin matakai uku. Na farko, shawara ta zo. Na biyu, zuciya ta ji daɗinta. Na uku, mutum ya yarda. Baƙo ya yi sallama a zaure. Maigida ya tsaya yana sauraronsa. Daga nan ya shimfiɗa masa tabarma. Sallamar baƙo ba laifin maigida ba ce.

Ubangijinmu kansa ya ji muryar mai jaraba cikin jeji, kamar yadda muke karantawa a Matiyu sura 4, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 4:15 kuwa ta shaida cewa an jarabce shi kamarmu amma bai yi zunubi ba. Katikisim na Ekklesiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya bayyana a lamba 1857 cewa zunubi mai kisa yana bukatar abu uku a haɗe: babban al'amari, cikakken sani, da yarda da gangan. Tunanin da ya faɗo mana, muka ƙi shi, muka ji zafinsa, babu yarda a cikinsa. Zafin nan da muke ji ma shaida ce ta inda zuciyarmu take. Saboda haka kada irin wannan tunani ya hana kowa zuwa teburin Ubangiji.

Amma akwai gargaɗi a ɗaya gefen. Mutumin da ke kwana yana tashi da ƙullin wani a zuci, yana maimaita laifin da aka yi masa, yana tsara yadda zai rama, wannan ya riga ya ba baƙo ɗaki. Ko hannunsa bai taɓa kowa ba, yana da abin da zai kai wurin furta zunubi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. TO, WANE NE "NI"?

Idan muka zauna shiru muna kallon tunani yana zuwa yana wucewa, za mu lura akwai mai kallon. Waliyyiya Taresa ta Abila a ƙasar Sifen, wadda ta rayu daga 1515 zuwa 1582, ta sha wahalar shekaru kafin ta gane wannan. A littafin da ta rubuta a 1577 ta bayyana farin cikinta sa'ad da ta fahimci cewa saƙe-saƙen hankali dabam, zurfin rai dabam: rai yana iya kasancewa kusa da Allah alhali hankali yana can waje yana kai da kawowa.

Waɗansu addinan Gabas, musamman addinin Buda, suna koyar da cewa in mutum ya duba da kyau ba zai sami wani "ni" mai dawwama ba. Ekklesiya tana girmama duk abin da ke gaskiya da tsarki a cikin addinai, kamar yadda Taron Batikan na Biyu ya bayyana a 1965. Duk da haka, a wasiƙar 15 ga Oktoba 1989 zuwa ga bishop-bishop a kan bimbinin Kirista, wadda Kadinal Yusufu Ratzinger ya sa wa hannu, an tuna mana cewa addu'ar Kirista ganawa ce tsakanin mutum da Allah. Mai addu'a ba ya narkewa kamar gishiri a ruwa. Yana nan da sunansa, gaban Uba mai kiransa da suna.

Agustin ya bincika taskar tunaninsa har ya yarda cewa ba zai iya kewaye kansa da sani ba, Allah ne kaɗai ya san zurfinsa. Ga ta'aziyyarmu ke nan. Tunani yana sauyawa sau dubu a yini, amma wanda aka yi wa baftisma da safe shi ne dai da yamma. Mu waɗanda Allah ya halitta cikin kamanninsa ne, ya fanshe mu, ya san mu, ya kuma ba mu 'yancin cewa i ko a'a ga kowane baƙo.

5. YADDA ZA MU YI BIMBINI

Katikisim ya yi bayanin bimbini a lamba 2705 zuwa 2708, abin koyinmu kuwa Uwarmu Maryamu ce, wadda Luka 2:19 ya nuna tana riƙe al'amuran Ɗanta tana juya su a zuciya. Ga hanya mai sauƙi:

Na ɗaya, mu keɓe minti 10 ko 15 kowace rana, a lokaci guda da wuri guda, mu ajiye waya nesa.

Na biyu, mu zuba wa dutsen hatsi mai kyau: mu karanta Bisharar ranar a hankali, ko mu ɗauki asiri ɗaya na Rosari. Wanda bai iya karatu ba, ya riƙe abin da ya ji a Misa.

Na uku, mu zaɓi gajeriyar addu'a da za mu riƙa komawa gare ta. Dattawan hamada sun ba Kasiyan ayar farko ta Zabura 70, wadda ke roƙon Allah ya gaggauta taimako. Sunan Yesu kaɗai ma ya isa.

Na huɗu, in hankali ya tafi, kada mu bi shi da sanda. Katikisim a lamba 2729 ya koyar cewa farautar irin wannan tunani faɗawa tarkonsa ne. Abin da ake bukata shi ne mu juyo ga Ubangiji. Ko sau 20 muka juyo, sau 20 ke nan muka zaɓe shi.

Na biyar, mu lura da baƙon da ya fi yawan dawowa, gama yana nuna abin da zuciya ta manne wa. Mu faɗa wa Fada ko wani dattijo mai hikima. Masu zuhudu sun tarar cewa tunanin da aka furta yakan rasa ƙarfinsa. In kuwa tunani ya hana mutum barci da aiki, ko yana raɗa masa ya cuci kansa, lalle ne a gaggauta kai shi wurin likita. Wannan ciwo ne mai magani, babu abin kunya a cikinsa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA A ZUMUNTA

1. Cikin tunani takwas ɗin nan, wanne ne ya fi damun iyalanmu a yau?
2. Wane irin hatsi muke zuba wa dutsen niƙanmu daga safe zuwa dare?
3. Yaya za mu taimaki ɗan'uwan da ya janye daga sakramenti saboda waswasi?

MU YI ADDU'A

Ya Uba, kai da ka san mu fiye da yadda muka san kanmu, ka aiko Ruhunka Mai Tsarki ya tsaya a ƙofar zukatanmu. Ka ba mu basirar gane kowane baƙo, da haƙurin juyowa gare ka duk sa'ad da muka bauɗe. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.