Bakkale: ƙwayar cuta mai gane hasken rana

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo na Tondikandiya da ƙasar Kurfai, darasinmu na wannan karo kan bakkale ne, ciwon da likitoci ke kira buruseloz. Kun san shi. Saniya ta yi ɓari cikin watanni ukun ƙarshe, mabiyiya ta ƙi faɗuwa, gwiwa ta kumbura da ruwa, wani lokaci ƴaƴan marainan sa su kumbura. A 1897 wani likitan dabbobi na Danmak, Bang, ya gano ƙwayar da ke sa shanu wannan ɓari. Sunanta Burusela, ido ba ya ganin ta sai da madubin likita.

To, ita ma ba ta da ido, amma tana gane haske. Ƙaƙa?

Cikin jikinta akwai wani furotin da ake kira LOV. Yana riƙe da ɗan launi rawaya, filabin, dangin bitamin B2 da ke cikin madara. Hasken rana launuka ne a gauraye, kamar yadda bakan gizo ke nunawa, kuma shuɗin kaɗai wannan launi ke kamawa. Da shuɗin haske ya taɓa shi, sai ya manne da furotin ɗin, furotin ya lanƙwashe, kamar tarkon da aka taka. Lanƙwasar ce ke tada ɗaya gefen nasa, shi kuma ya ɗora ma wani furotin alamar fosfat, wannan ya miƙa gaba, har saƙo ya kai inda ƙwayar ke shirya kayan kare kanta. Irin wannan tarko na tsirrai yana komawa da sauri in duhu ya yi. Na Burusela yana daɗewa a ɗane.

A 2007 masana daga Amurka da Ajantina suka buga sakamakon wani gwaji. Sun reni Burusela kashi biyu, ɗaya cikin haske, ɗaya cikin duhu, suka zuba su kan ƙwayoyin jini masu cinye cuta, na ɓera. Wadda ta ga haske ta hayayyafa wajen ninki 10 bisa ta duhu. A ɗakin bincike aka yi wannan, ba cikin garke ba, ku riƙe. Amma tunanin masanan ya shiga hankalina: cikin mahaifar saniya duhu ne, ranar ɓari ce ƙwayar ke fara ganin haske, sai ta gane ta fito waje, ta ɗaura ɗamarar shiga wata dabba.

Kuma hanya a buɗe take. Sauran shanu suna zuwa su shinshina ɗan ɓarin, su lashe shi, su ci ciyawar da ruwan haihuwa ya jiƙa. Kare ya ja mabiyiya har bakin rijiya.

Wasu na cewa a bar shi nan, rana ta gama da shi. Gaskiya rana mai zafi tana kashe ƙwayar da ke sama-sama. Ta cikin naman fa? Da wadda ta gangara ƙarƙashin gawo, ko cikin laka a bakin tabkunan Dallol Boso da damina? Wannan tana yin makonni da ranta, har watanni.

Don haka in ɓari ya auku, kada a jira garke ya dawo daga kiwo. Ku sa leda a hannu, ku kwashe ɗan da mabiyiya da ƙasar da ta jiƙe, ku ƙone, ko ku bizne cikin rami mai zurfi nesa da ruwa. A wanke hannu da sabulu. Saniyar a ɗaure ta ita kaɗai sai ruwan bayanta ya tsaya. Kada a sa yaro ko mace mai ciki wannan aiki.

Mutum ma yana kamuwa, ta hannu da ta ɗanyar madara da cukun da aka yi da ita: masassara mai tafiya tana dawowa, zufar dare, ciwon gaɓoɓi. Sau da yawa sai a sha maganin masassarar sauro a banza. Ku tafasa madara, kuma mai irin wannan ciwo ya gaya ma likita yana taɓa bisashe.

Allurar kasuwa ba ta raba saniya da bakkale, asarar kuɗi ce. Ku sanar da ma'aikacin kiwo na Damana ko Filinge, ya ɗibi jini a auna. Haka ma sa ko karsanar da kuka sawo a Baleyara, kafin ta gauraya da garke.